Audu Mai Feshi da Waken Maijidda

Audu Mai Feshi taubashina ne. Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, don haka tun muna yara babu abin da ban faɗa masa ba, shi ma babu wanda bai rama ba. Ina kiransa mai kunnen faranti, yana kirana buhun gyaɗa. Mun girma, mun yi aure, mun haihu, furfura ta fara leƙowa, wasan bai tsaya ba. Na fara da wannan ne don a sani tun yanzu cewa bakin da ya jawo abin da zan ba da labarinsa nawa ne. Sunana Hauwa, ina sayar da awara a ƙofar makarantar firamaren ƙauyenmu, nan cikin Badafi ta ƙasar Kiru.

Audu bai tashi da niyyar zama mai feshi ba. Gonar babansu aka raba wa mutum tara, abin da ya faɗo masa bai isa ya ci da gida wata huɗu ba. Ya tafi Tiga ya gwada sana'ar su, shekara biyu yana jefa koma, kifin kamar sun yi taro sun yanke shawarar kada su kula shi. A can ne wani mai gonar tumatir ya ɗora masa famfon feshi a baya ya ce ya bi kunya-kunya. Shekara ashirin da uku ke nan, har yau bai sauke ba. Da damina yana yi wa mutane feshin masara da shinkafa da wake, da rani ya koma bakin ruwa wajen masu tumatir da albasa. In ka hango mutum tun daga nesa ya ɗan duƙa, hannun hagu yana sama yana ƙasa kamar mai buga famfo, to shi ne. Ko ranar sallah, da babbar riga, haka yake tafiya a duƙe.

Ba ya sa takunkumi, wai yana toshe masa numfashi. In iska ta juyo sai ya ja wuyan riga ya rufe baki. Wajen shekara goma da suka wuce hancinsa ya daina aiki. Ba ciwo ya yi ba, wata rana ce kawai tuwo ya kama a tukunya, gida duk ya ɗauki ƙauri, yana zaune a tsakar gida yana gyaran takalmi bai san ana yi ba. Daga baya kan yatsunsa ma suka bi sahu, in ya ɗauki allura sai ya duba da ido ya tabbatar tana hannunsa. Ma'aikacin asibiti ya ce masa ya rage feshin nan. Ya ce to. Washegari ya ɗauki famfonsa.

Aikin nan yana da ƙa'ida guda da duk mai yinsa ya sani. Akwai maganin ƙwari, akwai maganin ciyawa, famfon kuwa ɗaya ne. Maganin ciyawar da ake yi wa shinkafa da masara ba ruwansa da su, amma duk wani abu mai faɗin ganye, wake ne, gyaɗa ce, kuɓewa ce, ko kaɗan ya taɓa shi ya gama da shi. Saboda haka in za ka tashi daga shinkafa ka koma wake, sai ka wanke famfo da sabulu sau uku, sannan ka shanshana bakinsa. In da sauran wari ka sake. Audu yana iya wankewa, shanshanawar ce ba ya iyawa. Matarsa Maijidda ce hancinsa. Kullum da safe zai miƙa mata murfin, ta kai hanci, ta yamutsa fuska ta ce, "Da saura, Malam," ko ta ce, "Ya fita." Ita ce kuma take wanke masa rigar aiki, daban, a wani tsohon kwano da ba a cin abinci a ciki.

Maijidda ta rasu bara da rani, zazzaɓin kwana shida. Audu bai yi kuka a gaban kowa ba, ban kuma ji ya yi a ɓoye ba. Ya zauna a kan tabarma ya karɓi gaisuwa, duk wanda ya ce ya haƙuri ya ce da godiya. Aka yi sadakar bakwai, rana ta takwas ya tafi Tiga. Tun daga nan ya zama mutumin "to". Audu ga abinci, to. Audu rufin ɗakinka na yoyo, to. Ni kaina in na tsokane shi sai ya ɗan ɗaga gefen baki ya wuce, babu ramuwa. Wannan ya fi komai ci mini rai, har na riƙa ƙara wa tsokanar gishiri ko zan samu ya zage ni sau ɗaya.

'Ya'yansa mata biyu manya suna ɗakin mazajensu. Auta ce ta rage a gidan, Hamdiyya, shekararta goma sha ɗaya, tana aji biyar. Ita ta gaji hancin da kwanon wankin. Da safe a miƙa mata murfi ta shanshana, da yamma ta wanke riga. Na san bai dace yarinya ta riƙa shaƙar wannan abu ba, na kuma faɗa, aka ce mini to. Yarinyar da a da sai an ce ta yi shiru, ita ma ta koma irin ubanta. Su zauna su ci tuwo, ba ka jin komai sai ƙarar kwano.

Ana cikin haka aka kawo mana wani sabon malami daga Tudun Wada, Malam Muzammil, siriri, wandonsa kullum da ƙasa a gwiwa. Shi ke koya wa 'yan aji biyar kimiyya. Da ruwan farko ya sauka sai ya fito da su daga aji ya kai su bayan makaranta, wani fili da babu abin da ke zuwa cikinsa sai awaki. Ya sa aka kewaye shi da ƙaya, ya raba shi da igiya, taku huɗu-huɗu, kowane yara uku da nasu. Daga inda nake suya ina ganin komai. Da farko dariya na yi, na ce gwamnati ta aiko mutum ya koya wa 'ya'yan manoma noma.

Ashe ba noma kaɗai ba ne. Duk ranar Litinin sai kowane yaro ya tsuguna a filinsa da littafi da fensir, ya ƙirga duk wani abu mai rai da ya gani. Tana nawa, buzuzu nawa, gizo-gizo nawa, ƙudan zuma nawa suka sauka. 'Ya'yan Fulanin rugar da ke gabas da mu suka riƙa kawo kashin shanu a buhu, aka zuba a wasu filayen aka bar wasu, don a ga bambanci. Ya hana su ƙona kara, ya ce a shimfiɗa a ƙasa ya riƙe laima. Ya tumɓuke gyaɗa ɗaya ya nuna musu 'yan ƙullutai a jikin saiwa, ya ce waɗannan su ke ciyar da ƙasa, shi ya sa kakanninsu suke sa wake a tsakanin dawa. Tafasa da lalo da suka fito da kansu ya ce a bar su a gefe, abinci ne. In ƙwari sun yi yawa a jiƙa ganyen darbejiya a yayyafa. Yara suka haukace a kan abin. Wata rana wasu biyu har dambe suka yi a kan wani kwaɗo da ya tsallaka igiya, kowa na cewa na filinsa ne.

A nan ne bakin Hamdiyya ya buɗe. Ta zo sayen awara ran nan, ba tare da na tambaye ta komai ba ta ce, "Gwaggo, kin san tana ba ta da ido?" Na ce ban sani ba. Ta tsaya ta yi mini bayani har aka kaɗa ƙararrawa. Da ta tafi sai da na juya baya na share fuska da gefen zane.

Malam ya ce kowa ya kawo iri daga gidansu, ba na kasuwa ba. Hamdiyya ta kawo wake. Na gane shi da na gani a tafin hannunta, ɗan ƙarami, ja, da ɗigon fari. Waken Maijidda ne. Da shi ta zo gidan aure daga wajen kakarta a Doguwa, yana nuna da wuri, kafin gero ma, shi ke fid da gida daga yunwar tsakiyar damina. Kowace shekara tana shuka shi a bayan ɗaki, ta ware iri ta zuba a wata 'yar tukunya da toka. Ranar sadakar uku mata suka rasa waken da za a ƙara a shinkafa, wata ta gano tukunyar ta tankaɗe aka dafa. Ina cikin waɗanda suka ci. Abin da ya maƙale a gindin tokar shi Hamdiyya ta tsince.

"Arba'in da ɗaya ne, Gwaggo," ta ce. "Malam ya ce in Allah ya yarda zan samu mudu. Rabi mu ci, rabi in mayar cikin toka."

Talatin da uku suka fito. Ita da ƙawarta Hasana 'yar ruga suka riƙa renonsu kamar jarirai. Filinsu ya fi na kowa kaya, ranar Litinin ɗaya sun ƙirga abu mai rai iri goma sha tara, Malam ya sa aka yi musu tafi. Takan ba ubanta labari da yamma, ta faɗa mini, sai ya ce to. Ni na ɗauka ya san waken na wane ne. Ban tambaya ba, ita ma ashe ba ta taɓa furta sunan uwarta a gabansa ba tun ranar da aka fita da ita.

Cikin Yuli waken ya yi fure. Kowa a ƙasar nan ya san wake in ya yi fure feshi ake yi masa, in ba haka ba ƙwari su zubar da furen. Na leƙa ta kan ƙaya na ga ganyen da 'yan huji-huji. Ranar Juma'a da la'asar Audu ya biyo ta ƙofar gidana, ya fito daga fadama wajen shinkafar wani, famfo a baya. Na ga dama ta samu.

"Sannu da aiki, sarkin feshi," na ce. "Ka fesa gonar gari kaf, ga waken 'yarka can a makaranta ƙwari suna walima. Ruwan darbejiya ake yayyafa masa kamar mai ciwon shawara. Ko sai ta biya ka ne?"

Ya tsaya. Rabon da maganata ta tsayar da shi tun kafin rasuwar. Ya dube ni ya ce, "Wake ta shuka?"

"Au, ba ka ma sani ba? Kai dai an yi uban banza."

Wasa nake yi. Irin maganar da na faɗa masa sau dubu ce. Ya ce to, ya wuce. Ni kuwa har daɗi na ji, na ce yau na taɓa shi.

Abin da ya biyo baya shi ya faɗa mini da bakinsa daga baya, a taƙaice, kamar mai ba da labarin wani. Ranar Asabar da ya dawo daga masallacin asuba ya wanke famfon. Hamdiyya tana ɗaki tana shara. Ya ɗauki murfin zai kira ta, sai ya fasa. So yake ta je ranar Litinin ta tarar waken ya yi kyau, ta tambaya wa ya yi, a ce babanta. Ya ƙara ɗauraye famfon sau ɗaya, ya kai hancinsa, bai ji komai ba, kamar yadda ba ya jin komai kullum. Ya haɗa maganin ƙwari, mai kyau, wanda yake ajiye wa manyan masu gona. Ya ɗaga ƙaya ya shiga. Ya yi wa filin Hamdiyya a tsanake, sama da ƙasan ganye. Da ya ga da saura a famfon, ya ce sauran yaran ma 'ya'ya ne, ya bi filayen duka.

Ranar Litinin ina hura wuta yara suka fito da littattafansu. Yawanci da gudu suke zuwa, da ihu. Na ji ihun ya ɗauke gaba ɗaya. Na bar kaskon na je.

Waken ya murɗe. Kan kowane reshe ya lanƙwashe ya dubi ƙasa, ganyen ya naɗe, furen duk ya zube. Gyaɗar sauran yaran haka, kuɓewa haka, tafasa da lalo haka. Ciyawa mai siririn ganye ce kaɗai take tsaye kore shar. Zuma matattu a kan karan da aka shimfiɗa, buzuzu a kife. Malam Muzammil ya tsaya riƙe da ƙugu. Wani yaro ya ce aljanu ne, wani ya ce hassada ce.

Hamdiyya ta tsuguna, ta tsinki ganye ɗaya ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe littafinta, ta ja layi kamar yadda aka koya musu, ta rubuta kwanan wata. Hasana ta ce, "Me za ki ƙirga?" Ta ce, "Malam ya ce ko babu a rubuta babu." Na ga ta bi layin tana rubuta sifili, tana, sifili, zuma, sifili, har ƙasa.

Malam ya ce, "Hamdiyya, kin san warin mene ne?"

"Na shinkafa ne, Malam. Ba a wanke famfon ya fita ba."

Ba ta ce wane ne ba, babu kuma wanda ya sake tambaya. Masu feshi nawa ne a ƙauyen.

Audu ya zo da kansa lokacin tashi daga makaranta, ya sa riga mai tsabta, ina jin ya zo ne a yi masa godiya. Ya tsaya a bakin ƙaya ya duba. Mutumin da ya shekara ashirin da uku a aikin ba ya bukatar a yi masa bayani. Malam Muzammil, Allah ya saka masa da alheri, bai ɗaga murya ba. Ya gaishe shi, ya ce, "Baba, laifina ne da ban tara iyaye na faɗa musu abin da muke yi ba." Audu ya ce, "A'a Malam." Ya ce zai sayo iri a kasuwa a sake shukawa, tunda da sauran damina. Malam ya ce to, an gode.

Ni ce na faɗa masa. Ban ga wanda zai faɗa ba in ba ni ba, tunda ni na fara. Na bi shi har gindin darbejiyar makaranta na ce, "Audu, waken nan ba na kasuwa ba ne. Na tukunyar Maijidda ne. Shi ke nan abin da ya rage."

Na so ya zage ni. Wallahi na so ya ɗaga hannu ma. Ya dubi yatsunsa, ya murza su da juna, ya ce, "Jan nan?" Na ce shi. Ya ce to.

Na bi shi gida, ban san me zan yi a can ba. Ya shiga ɗakin da bai shiga ba tun bara, ya fito da 'yar tukunyar, ya juye tokar a faifai. Ya sa yatsu yana lalube. Duk abin da ya ji ya tokare shi sai ya ɗago ya duba, ya ga tsakuwa ce ko gawayi, ya ajiye gefe. Hamdiyya ta shigo da jakarta ta tsaya tana kallonsa.

"Zo ki duba mini," ya ce. "Hannuna ba ya ji."

"Babu, Baba. Na tankaɗe sau uku tun ranar."

Ya ci gaba da lalube duk da haka, ita kuma ta wuce ta ɗora ruwa.

Ranar Laraba ya hau mota ya tafi Doguwa wajen dangin Maijidda. Ya kwana biyu yana bin gidaje a gindin duwatsu. Kakar ta daɗe da rasuwa, 'yan'uwan duk sun koma masara da waken suya. Wata tsohuwa ta ce ta tuna shi, mai daɗi a dambu, amma rabonta da ganinsa an fi shekara goma. Ya dawo da farin wake mudu guda, ya kai makaranta. Yara suka sake shukawa kafin hutu, ya fito, har an ci. Tana ta dawo filin, zuma ma ta dawo. Hamdiyya tana ƙirgawa duk Litinin, rubutunta tsaf, Malam ya ce ita ce ta ɗaya. Ba ta ƙara tsayawa wajena ta ba ni labarin tana ba. Takan miƙo kwano, in zuba, ta ce an gode Gwaggo.

Audu bai bar feshi ba, da me zai ci. Abu ɗaya ne ya canja. Tun ranar da ya dawo daga Doguwa bai sake miƙa wa yarinyar murfi ba, bai kuma bari ta taɓa rigar ba. Ta ɗauko kwanon wankin ranar, ya karɓe daga hannunta. Yanzu shi ke wankewa a bakin rijiya, famfon da rigar, sannan ya ratso unguwa da su har ƙofar gidana, don ba shi da wani hancin. Na daina tsokanarsa. Na gwada sau ɗaya, ban ƙarasa ba.

Yau da safe ma ya zo. Ya yi sallama, ya miƙo murfin da hannu biyu.

"Hauwa, ya fita?"

Na shanshana. Wanki na huɗu ke nan, na gani a hannunsa, fatar duk ta yi fari ta tattare.

"Da saura, Audu."

Ya ce to, ya juya ya koma bakin rijiya.